Murhun da Ya Fita Ba a Gwada Ba

4 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, Allah Ya sa takardar nan ta same ka da sauƙi. Yaya ƙafar? Yaya Babba ya ce min har yanzu kana jayayya da likita a kan gishiri. Don Allah ka bi maganarsa, asibitin nan ba masana'antarka ba ce da za ka ce kai ne mai gida. Ka gaishe min da Inna da yaran. Mu nan lafiya lau, ƙanwarka ce dai ke fama da bayanta, kuma ta ƙi daina wanki da kanta. Taurin kai na gidanku ne, ba mu san inda kuka samo shi ba.

Na so in kira ka, amma na san waya ba ta yi maka, bugun ƙarfe na shekara arba'in ya tafi da kunnen. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kawu, shekara biyu ke nan da ka damƙa min masana'antar, kuma ban taɓa jin tsoro irin na yanzu ba. Risho ya mutu. Watan jiya guda goma sha tara muka sayar, kowa ya koma gas. Murhun gas da muka fara kamar da wasa shi ke ciyar da mutum ashirin da shida yanzu. Amma har yau rabin rumfar baya injinan risho ne suka cinye, da mutum biyu da ke zaune suna gadinsu.

Babban Dila, mai shagunan nan huɗu, ya zo da kansa ranar Litinin. Yana son murhu ɗari uku duk mako. In ba za mu iya ba, ya ce zai koma kan na waje, sun fi araha kuma ba sa sa shi jira. Mu kuwa ɗari da ashirin muke fitarwa. Masu walda suna iyawa, masu fenti suna iyawa, har na samu wani kamfani da zai riƙa kawo mana makunni da yawa kuma da sauƙi, wato abin da ake murɗawa gas ya fito. Inda aiki ke tsayawa shi ne teburin Baba Kumfa. Ka san halinsa. Kowane murhu sai ya haɗa shi da tukunyar gas, ya shafa ruwan sabulu da buroshi a kowace mahaɗa, ya gyara tabarau, ya ƙirga har sittin. In kumfa bai taso ba, sannan ya buga tambarinsa a ƙasan murhun. Ko gobara ake yi ba zai tsaya a hamsin da tara ba. Da yamma sai ka ga murhu jere har bakin ƙofa suna jiran tsoho ɗaya da bokitinsa.

In Babban Dila ya tafi, ban san me zan gaya wa mutanen nan ba. Kai ka gina wurin. Me zan sauke, me zan riƙe?

'Yarka

15 ga Fabrairu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Ƙafa da sauƙi, ina takawa har bakin titi in dawo. Maganar gishiri kuwa sharri ne yayanki ya yi min. Innarki na gaishe ki, ta ce ki ƙwace bokitin wankin daga hannun mamanki ko da faɗa.

Tsoron da kike ji alheri ne, wanda ba ya jin tsoro bai san nauyin da ke kansa ba. Zamani riga ne, wanda ya zo shi ake sawa. Ki rufe ɓangaren risho, ki sayar da injinan ko a kilo, mutum biyun ki mai da su kan gas. Kada ki ji nauyin idona don ni na kafa su. Abin da na tsara ba aya ba ne, ke ce a wurin, ke kike ganin kasuwa. Kada ki bari dilan nan ya kufce miki saboda kunyar tsoho irina.

Ki gaishe min da Kumfa, ki ce masa har yanzu ina bin sa dariyar faɗuwar da ya yi daga kan babur.

Kawunki

9 ga Afrilu

Kawu,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da kowa. Mama ta samu sauƙi. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa.

Na rufe ɓangaren risho kamar yadda ka ce. Amma ban tsaya nan ba. Da na ga ka rubuta cewa abin da ka tsara ba aya ba ne, kuma ba ka ce komai a kan teburin Baba Kumfa ba, sai na ɗauka ka sakar min shi ma. Na ce daga yanzu a gwada ɗaya cikin ashirin, sauran su wuce kwali kai tsaye. Baba Kumfa ya ce ba zai buga tambarinsa a kan abin da idonsa bai gani ba. Na ce to ya bar tambarin. Ya ce in haka ne ya bar teburin ma. Raina ya ɓaci, na mai da shi sito yana ƙirga kwalaye, na sa ɗaya daga cikin masu fenti yana gwajin. Ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

Mako shida muna fitar da kaya kamar ruwa. Babban Dila har kyautar agogon bango ya aiko min.

Shekaranjiya da hantsi wani mai sayar da shayi ya shigo ɗauke da murhunmu a kafaɗa. Gashin girarsa babu, gefen gemunsa ya ƙone. Ya ce ya kashe murhun ya fita, da ya dawo ya ƙyasta ashana sai wuta ta yi sama ta kama labulen rumfarsa. Allah Ya sa akwai ruwa kusa. Mutumin kirki ne, wai shi canji kawai yake so. Na ba shi sabo, na ba shi haƙuri, na raka shi har titi ina murmushin dole.

Ina dawowa na tarar Baba Kumfa ya fito da bokitinsa ba wanda ya sa shi. Ya buɗe kwali hamsin daga cikin waɗanda za a loda. Na tsaya a kansa har ya gama. Bakwai sun yi kumfa, Kawu, duka a wuyan sabon makunnin. A kashe suke, amma gas yana fita a hankali, ba ƙara, sai wari kaɗan da mai girki ba lallai ta lura ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Nawa suka fita, ranki ya daɗe?" Bai taɓa ce min ranki ya daɗe ba, tun ina yarinya 'yar gidan Oga yake ce min. Na duba littafin sito, dubu ɗaya da ɗari da arba'in.

Na je wurin Babban Dila jiya. Ya rufe ƙofar ofis ya ce, "Hajiya, a bar kaza cikin gashinta. Waɗanda ke kan kantar shagunana ki aiko a kwashe a hankali, a kawo gyararru. Waɗanda aka saya, duk wanda ya dawo da nasa mu canza masa. In kika kai maganar nan rediyo kin kashe kanki kin kashe ni, hukuma ta garƙame miki wuri, yaranki ashirin da shida su koma gida." Na ce ai akwai yara a gidajen da murhun ya shiga. Ya ce shi ma yana da yara.

Ban gaya wa ma'aikata ba, daga ni sai Baba Kumfa. Ban gaya wa Mama ba. Kawu, me zan yi? In na yi sanarwa, sunan da ka yi shekara arba'in kana ginawa zai rushe a hannuna cikin yini ɗaya. In na yi shiru, ban san gidan wa zai kama ba. Ba zan motsa ba sai na ji daga bakinka. Ka ba da amsa ta hannun direban da ya kawo maka wannan takarda, jibi zai juyo.

'Yarka

24 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Na tambayi Yaya Babba a waya ko jikin ne ya motsa, ya ce lafiyarka ƙalau, har ka fara zuwa masallaci da ƙafa. Na yi murna. Ya kuma ce takardata ta shiga hannunka tun ranar da direba ya iso. Sau biyu ke nan direban yana dawowa hannu rabbana.

Ban san yadda zan fassara shirun nan ba. Wata rana in ce fushi kake yi da ni, ka ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wata rana in ce ra'ayinka ɗaya da Babban Dila, kunyar rubutawa kawai kake ji. In fushi ne, ka zage ni a takarda, zan karanta a tsaye. Amma ka ce wani abu.

Na mai da Baba Kumfa teburinsa, na daina karɓar sabon makunnin, na ce wa ma'aikata wai tsada ya yi. Mun kwaso ɗari huɗu da goma daga shagunan dila. Sauran ɗari bakwai da talatin suna gidajen mutane, kuma yawancinsu ko rasit ba a rubuta musu da suna ba.

Ba na iya cin abinci. In motar 'yan kwana-kwana ta wuce da jiniya sai in aika a tambayo wace unguwa ce. Ranar Asabar na je gidan suna, na tsinci kaina a ɗakin girkin mutane ina leƙa ƙasan murhunsu ina neman tambari. Matar gidan ta ce ko wani abu na yar. Baba Kumfa kullum da safe zai gaishe ni, sannan ya ce, "Yau kwana kaza." Yau ya ce goma sha bakwai.

Don girman Allah ka amsa min.

'Yarka

28 ga Afrilu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, kuma ba fushi ba ne. Tsoro ne. Takardarki tana aljihuna kwana goma sha takwas. Sau uku ina fara amsa ina yagawa, domin ba zan iya gaya miki abin da ya dace ba sai na gaya miki abin da ko Innarki ba ta sani ba.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, lokacin risho mai famfo yana tashe, mun fitar da wasu da dalmar tankinsu ba ta kama da kyau ba. Aka dawo min da biyu suna yoyo. Na gane matsalar a ranar. Lokacin ne sunana ya fara fita, manyan shaguna sun fara nemana, sai na ce bari in canza wa duk wanda ya dawo da nasa, in yi shiru. Irin shawarar da dilanki ya ba ki, ni ba wanda ya ba ni, da kaina na ba kaina. Bayan wata ɗaya ɗaya ya fashe a gidan wani tela, layi uku daga masana'anta. 'Yarsa mai shekara shida tana zaune kusa da uwarta. Kwananta huɗu a asibiti ta rasu. Ba wanda ya bi sawun rishon, aka ce ƙaddara. Na je ta'aziyya na zauna a tabarma kamar kowane maƙwabci, uban ya riƙe hannuna yana min godiya da na zo.

Wanda ya yi dalmar nan shi ne Kumfa. Washegarin ta'aziyyar ya ajiye kayan walda ya ce ba zai sake taɓa su ba. Ni na ce ya ɗauki bokiti, kuma na yi masa alkawari cewa duk abin da ya ce ba zai fita ba, ba zai fita ba, ko ni ne na ce a fitar. Teburin nan ke nan. Da kika tambaye ni me za ki sauke, ko a mafarki ban kawo shi cikin lissafi ba, shi ya sa ban ambace shi ba. Laifina ne. Na ba ki makullin wuri, na ba ki injina, na ɓoye miki dalilin abu ɗaya da bai kamata a taɓa ba, don kada girmana ya zube a idonki.

Yanzu ki saurara. Ranar da wannan ta same ki, ki tara ma'aikata ki gaya musu da bakinki kafin su ji a titi. Kada ki ce kamfanin makunni ne, ki ce ni na cire gwaji. Daga nan ki je hukuma da ƙafarki, ki wuce rediyo. Ki faɗi sunan masana'anta a fili, ki ce kowa ya kashe tukunyarsa ya fitar da murhun waje. Sunan da kike tsoron rushewarsa nawa ne, na yafe shi, dama ba shi da tsabtar da kike zato. Kaya suna canzawa, jiya risho yau gas, gobe Allah kaɗai Ya san me za a girka da shi. Amma ko me kike ƙerawa, cikin ɗakin mutane zai shiga, kusa da 'ya'yansu. Dole a samu mutum ɗaya a wurin da zai iya ce wa mai gida a'a, maganarsa ta zauna.

Kuma Uwata, kada ki sake jiran takardar kowa a kan abu irin wannan. Kin san amsar tun ranar da kika tsaya a kan kwali hamsin ɗin nan. Tun da na karanta wasiƙarki nake roƙon Allah kada jinkirina ya ja wa wani. Ki rubuto min ko me ya faru.

Kawunki

20 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafa na ƙara sauƙi. Ka gaishe da Inna da Yaya Babba. Mama lafiya, yanzu ta san komai, kwana biyu ba ta yi min magana ba, a na uku ta kawo min abinci masana'anta ta zauna har na cinye.

Takardarka ta iso ranar uku ga wata. Na karanta, na shiga sito na yi kuka, na wanke fuska na fito. Ban ce wa Baba Kumfa komai a kan abin da ka rubuta ba, kuma ba zan ce ba.

Washegari na tara su a rumfar baya, inda injinan risho suke a da. Na faɗa musu yadda ka ce, da bakina. Babban mai walda ya ce, "Tun yaushe aka sani?" Na ce kusan wata guda. Ya ce ƙanwarsa ta sayi ɗaya, shi da kansa ya kai mata. Ya cire safar hannunsa ya fita da gudu. Ya dawo da murhun bayan awa ɗaya, amma har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da shi. Mutum biyu sun bar aiki. Sauran suka ce a raba musu unguwanni su bi suna neman murhun.

Hukuma ta rufe mana ƙera sabo sai an gama bincike, ban san ranar buɗewa ba. Babban Dila ya yanke hulɗa, ya aiko a karɓar masa agogonsa. Na shiga rediyo sau shida. Mun ɗaura lasifika a kan motar kaya muna bi layi-layi. Na zaci jifa za a yi mana. An zage mu, wata tsohuwa ta wanke ni tas a gaban jama'a, amma yawanci kawo murhun suke yi su tsaya a layi, Baba Kumfa yana canza makunni yana ƙirga sittin ɗinsa, ba mai cewa ya yi sauri. Zuwa jiya mun gano ɗari shida da tamanin da uku. Casa'in da ɗaya a ciki suna yoyo.

Ka ce in rubuto ko me ya faru.

Kwana biyu bayan sanarwar farko wani malamin makaranta ya zo. Bai kawo murhu ba, sai ƙarfen da ya rage a cikin buhu. Ranar talatin ga Afrilu matarsa ta shiga ɗakin girki da safe za ta ɗora wa yara ruwan wanka, taga a rufe saboda ruwan sama. Yaran suna falo, Allah Ya kiyaye su. Ita wutar ta ci hannayenta biyu da wuyanta. Ɗinki take yi, Kawu, da shi take taimakon gidan. Likita ya ce za ta rayu, yatsun dama ne bai yi alkawari ba.

Ka lura da kwanan watan. Takardarka tana hanya a ranar. Ba don in ɗora maka nake faɗa ba. Na yi ta neman wanda zan raba kayan nan da shi, na ce Kawu ne bai amsa ba, na ce dila ne ya tsorata ni. Rediyon nan tafiyar minti goma ce daga ofishina, kuma a buɗe take duk kwanakin da na yi ina jiran direba.

Na je asibitin. Mijin ya ce ba dole ba ne in shiga, na ce dole ne. Tana kwance an naɗe hannayen har gwiwa, an ɗora su a kan matashi. Ta zaci daga makarantar mijinta nake, ta fara yi min sannu da zuwa. Na ce mata ni ce mai masana'antar da ta ƙera murhun, kuma duk abin da magani zai ci a wuyana yake. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na ji ki a rediyon ma'aikatan jinya. Ranar da abin ya same ni, kin riga kin sani?"

Mijin ya sunkuyar da kai. Da a ce na ce a'a, da ba mai ƙaryata ni a ɗakin nan. Na ce na sani. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce kwana ashirin da uku kafin ranar.

Ta ce, "Kwana ashirin da uku." Sai ta ce wa mijinta ya juya ta wajen bango, don ba ta iya juyawa da kanta. Na tsaya har ya gama gyara mata matashin, sannan na fita.

Zan koma ranar Alhamis, ko za ta kalle ni ko ba za ta kalle ni ba. Saura murhu arba'in da bakwai ba mu san inda suke ba. An ce wani ɗan kasuwa ya sari ashirin ya kai ƙauyukan da ke bayan kogi, inda rediyon ba ta kaiwa sosai. Gobe da sassafe ni da babban mai walda za mu tafi can da motar lasifika. Ka sa mu a addu'a mu riga wuta isa.

'Yarka